Ranar da Aka Yi wa Haula Ƙaho

Moton nan ne dai, jan babur, da jakar magani ɗaure a bayansa, an jingine shi a gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gidan Malam Abarci mai awo.

Yazidu ya taka birkin nasa moton har tayar baya ta ja ƙasa. Daga Tagriss yake wajen sayen bisashe, ko gida bai biya ba. A jakarsa akwai cuku mai kyau da ya sa wata Buzuwa ta zaɓar masa saboda Haula, yarinyar da aka sa musu rana bayan Babbar Salla. Duk tsawon hanya murmushinta yake hange. Ga kuma abin da ya tarar.

Ya san mai moton. Amani ne, majo na gidan likitan unguwarsu, wato babban mai jinya. Dogo ne, mai farar riga da taushin murya, kuma har yau bai yi aure ba. Wannan na ƙarshen shi ne ƙayar da ke sukar Yazidu.

Ya yi sallama ya shiga zaure.

Haula na zaune a bakin tabarma, mahaifinta na gefe yana jan carbi. Majo ya durƙusa a gabanta, ya sa yatsa ya ja fatar idonta ta ƙasa yana dubawa. Sannan ya ce ta buɗe tafin hannu. Ta buɗe. Ya daɗe yana kallo.

"Da sauƙi bisa ga wancan wata," in ji shi. "Ki ci gaba da ƙwayoyin. In kin ga wani abu, ki kira ni ko wace sa'a ce."

Ko wace sa'a ce! Yazidu ya maimaita maganar a ransa.

Ya durƙusa ya gaida Malam Abarci. Majo ya miƙo masa hannu. "Dillali, an dawo lahiya? Ya daji?"

Da ƙyar ya ba shi kan yatsu. "Daji lau. Gari ne dai ba mu sani ba."

Majo ya yi murmushi, ya ɗauki jakarsa ya fita. Malam Abarci ya miƙe da sauri ya ce zai leƙa masallaci, ko da yake ba a kira la'asar ba tukuna.

Haula ta ɗago kai da fara'a. "Sannu da zuwa. Ba ka ce yau za ka dawo ba."

"Da na ce, ai da ban ga abin da na gani ba."

"Mi ka gani?"

"Duk wata sai moton nan ya tsaya ƙofar gidanku. Kina tsammanin ba a kawo min labari? A kara, kasuwar bisashe, tsakiyar dillalai, wani ya ce min, 'Yazidu, kai kake kiwo, wani ke tatsa.' Aka kwashe da dariya. Ni aka yi wa dariya, Haula!"

"Wallahi aikinshi yake yi."

"Aikinshi ne kallon tafin hannunki? Duba yake yi ko likita? Mi ke damun ki da ba ya ƙarewa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ciwon kai ne, da jiri."

"Mata nawa ke ciwon kai a garin nan? Duk gida-gida yake bin su?"

Ta miƙa hannu za ta gyara mayafi, sai ya zame. A damtsenta akwai tabo, shuɗi-shuɗi mai duhu, a jere kamar sawun yatsu. Haula farar mace ce, abu kaɗan ke nunawa a jikinta.

Yazidu ya miƙe tsaye. "Wa ya riƙe ki nan?"

"Babu kowa. Igiyar guga ce ta naɗe ni."

"Igiya na da yatsu?"

Hawaye suka zubo mata. "Yanzu ni kake zargi? Ni da ko ƙofar gida ba na tsayawa da kowa tun da ka kawo kaya?"

"To faɗa min gaskiya!"

Gaskiyar na nan a kan harshenta, amma akwai rantsuwa a samanta.

Ya jefa cukun a kan tabarma. "Ki zaɓa. Ko ni, ko majonki. In har ni ne, ɗauko salularki yanzu ki goge lambarshi ina kallo. Ƙwayoyinshi ma ba na so in ƙara ji. Muna da masu magani a gidanmu tun kaka da kakanni."

Ta ɗauko salular. Ta goge.

*

Abin da Yazidu bai sani ba, tsohon ciwo ne a gidan Malam Abarci.

Halimatu, mahaifiyar Haula, wajen haihuwa ta rasu. Ɗan ya fito lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa, har ta cika a kan amalanke kafin a kai gidan likita. Jaririn ma bai daɗe ba ya bi ta. Uwar Halimatu, a Sabon Maci, haka ita ma ta tafi. Mutane suka ce ƙaddara, wasu suka ce iska ce ke bin matan gidan.

Da Haula ta fara ganin al'ada, saura kaɗan ta bi sawunsu. A lokacin Amani sabon zuwa ne. Shi ne bai tsaya ga seram na ƙarin ruwa da allura kawai ba. Ya zaunar da Malam Abarci ya yi ta tambaya: tana yawan haɓo? In ta yanke da wuƙa yakan daɗe yana zuba? Uwarta fa? Kakarta fa? Shi ya dage har aka kai ta Yamai aka auna jininta. Likitocin can suka ce ciwo ne na gado: jininta ba ya saurin daskarewa, ko ɗan bugu sai ya bar mata tabo. Ba ya warkewa, amma in ana kula, mutum zai tsufa da shi.

Tun daga nan Majo da abokiyar aikinsa Madam Zalika suka ɗauke ta kamar ƙanwa. Su ke ba ta ƙwayar rage zubar jini in wata ya zo, da ta ƙarin jini in ya wuce. Su suka koya mata abin da za ta guje wa: cire haƙori a kasuwa, ƙwayar ciwon kai ta masu tebur, askar wanzami.

An taɓa neman aurenta. Malam Abarci ya faɗa wa dangin yaron gaskiya. Kafin sati suka aiko a mayar musu da kayansu. Daga ranar ya sa Haula ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ciwon ba.

Shi ya sa da ya dawo daga masallaci ya tarar da ita tana kuka, tun kafin ta yi magana ya san abin da za ta roƙa.

"Baba, ka warware min rantsuwar nan. Ka bar ni in faɗa mishi."

Ya zauna a kan buhun gero, ya cire hula ya riƙe. "Ɗiyata, ki ƙara haƙuri. Kwana nawa ya rage? In an ɗaura, ni da kaina zan kira shi in zaunar da shi."

"Zargina yake yi, Baba. Da Majo!"

"Zargi yana wankuwa. Amma in maganar nan ta shiga kunnen uwarshi, gobe da hantsi tana bakin rijiya, jibi tana kasuwa. Wa zai ƙara tako ƙofar gidan nan? Ni ba dawwama zan yi ba. In na faɗi, wa zan bar wa ke?"

"In ya ji daga baya ya ce mun yaudare shi fa?"

Malam Abarci ya murza hular da ke hannunsa. Wannan tambayar ita ce ke cin sa a wajen awo, har yakan manta tiya nawa ya zuba wa mai saye.

"Yaron yana son ki," ya ce a hankali. "Wanda ya riga ya shiga ruwa ba ya gudun jiƙewa. Ki dai sha ƙwayoyinki a ɓoye."

Ba ta faɗa masa ba, amma a ranta ta riga ta yanke. Ta yi wa Yazidu ƙarya ɗaya bisa dole, ba za ta ƙara masa ta biyu ba. Ta tura ƙwayoyin can ƙasan akwati.

Watan da ya biyo ya zo mata da ƙarfi. Majo ya yi ta kira, ba ta ɗauka ba. Ya zo gida, ta aika a ce tana barci.

*

Yazidu bai iya riƙe abu a ciki ba. Ya kai wa mahaifiyarsa, Inna Uwale, ƙara: yarinyar kullum ciwon kai da jiri, ga tabo a jiki, ga wani majo da ya mai da gidansu hanyar moto.

Inna Uwale ta tafa hannu. "Tabo mai duhu? Da jiri? Ai mataccen jini ne ya taru mata! Bazara ce fa. Wace mace ce a gidan nan zafi ke shiga ba a yi mata ƙaho ba? Ni kaina shekaranjiya Ɗangoggo wanzami ya cire min, ka ga na miƙe garau. Bar ni da ita. Mu gyara kayanmu da kanmu, mu ga ta inda mai farar riga zai ƙara shigowa."

Ranar kasuwa da hantsi, Malam Abarci na rumfarsa, sai ga sallama. Inna Uwale ce a gaba, Ɗangoggo wanzamin gidansu na biye da zabira a kafaɗa. Yazidu ya tsaya a zaure, don bai kamata ya shiga ba.

Haula ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa nesa kanta a ƙasa. Ko fuskar surukarta ba ta taɓa kallo sosai ba.

"Matso, ɗiyata. Yaron nan ya ce ba ki jin daɗi." Inna Uwale ba ta faɗin sunan Yazidu, ɗan fari ne. "Dubi yadda kika yi fari fat kamar an wanke ƙwarya. Ungo wannan, haɗiye, maganin ciwon kai ne, wajen mai tebur na saya. Sai Ɗangoggo ya sa miki ƙaho huɗu a kafaɗa."

Haula ta ja baya. "Inna... ba na... an hana ni..."

"Wa ya hana ki?"



Inna Uwale ta gyara zama. "Au, majon ne? To, ashe da gaskiyar yaron nan. Shi kaɗai ya isa ya taɓa ki ke nan? Hannun wanzaminmu ƙazanta ne, na saurayi mai turare shi ne magani?"

Ɗangoggo ya yi dariya yana wasa aska a tafin hannu. "Amarya, kar ki ji tsoro. Ni na yi wa angonki kaciya, bai yi kuka ba sai da ya ga an cinye kazar ba a ba shi ba. Ɗan tsaga ne kamar cizon sauro."

Haula ta dubi ƙofar zaure. Ta san yana jin komai. In ta ƙi, ta tabbatar masa da zargi a gaban uwarsa. In ta faɗi dalili, ta karya rantsuwa, ta kuma kashe aurenta da bakinta. Ɗan tsaga ne, ta ce a ranta. Allah zai tsare.

Ta haɗiye ƙwayar. Ta juya baya, ta sassauta mayafi.

Ɗangoggo ya kafa ƙaho ya zuƙa, fata ta taso. Ya cire, ya tsattsaga da aska, ya mayar. Da ya ɗaga na farko ya zubar a kasko, Inna Uwale ta leƙa.

"Kun gani? Baƙi ƙirin! Wannan ne majo zai cire da ƙwaya?"

Aka gama. Ɗangoggo ya goge wurin, jini ya sake tsattsafowa. Ya goge, ya sake fitowa. Ya barbaɗa garin magani, jinin ya wanke garin ya gangaro ta gadon baya. Ya yi tofi, ya ɗora tsumma. Tsumman ya jiƙe. Ya nemi wani.

Dariya ta bar fuskarsa. "Hajiya, tun da nake riƙe aska ban ga irin wannan ba."

"Ƙara tofi mana!"

Zanen Haula ya rine. Ta ce tana jin sanyi, a tsakiyar bazara. Sai ta kife a kan tabarma.

"Innalillahi! Yaron nan! Shigo!"

Yazidu ya faɗo tsakar gida. Ya durƙusa a kanta. "Haula! Haula!"

Ta buɗe ido da ƙyar. "Kira Majo."

Ko a wannan hali, sunan ya soke shi. Ya tsaya, salula a hannu.

"Jinina ba ya tsayawa, Yazidu," ta ce, muryarta can ƙasa. "Shi ya kashe uwata. Shi ne abin da nake ɓoye maka. Kira shi."

"Lambar... ai kin goge."

Ta lumshe ido, ta karanto masa ita tsaf, ba gargada. Yana dannawa yana jin kowace lamba kamar garwashi. Ashe gogewar a salula kawai ta tsaya.

Bugu ɗaya Majo ya ɗauka. Bai tsaya tambayar wa ya yi, don mi aka yi ba.

"Ku sami zane mai tsabta ku ninka, ku danne wurin da ƙarfi. Kar ku ɗaga don ku duba. In ya jiƙe ku ɗora wani a sama. Kar a ƙara barbaɗa komai. A kwantar da ita rub da ciki a adaidaita, yanzu. Muna jiran ku a ƙofa."

*

Madam Zalika ce ta tare su, gajeriyar mace mai kaifin baki. Ta ɗaga zanen ta leƙa, ta dubi Inna Uwale sama da ƙasa.

"Ƙaho? Wannan yarinyar aka yi wa ƙaho? Mun yi shekaru muna tara mata jini cokali-cokali, ku kun zo kun kwashe da ludayi! An ba ta wani abu ta sha?"

"Ƴar ƙwayar ciwon kai ce kawai..."

"Ta mai tebur? Madalla. An ƙara wa wuta kalanzir. Ku fita waje, Hajiya, ku ba mu wuri."

Aka rufe ƙofa. Ta tagar da ba ta rufu sosai ba, Yazidu na hangen Majo yana neman jijiya a hannun Haula, ya ɗaura seram, ya zuba allurar tsayar da jini a ciki. Madam Zalika ta wanke tsagar, ta danne da auduga, ta naɗe da bandeji tam. Ba mai ɗaga murya. Majo na yi wa Haula magana a hankali, yana kiran sunanta kar ta yi barci, ita kuma tana amsa masa.

Shi ya kamata in zama a wurin nan, in ji Yazidu a ransa. Sai wata murya ta ce masa: kai ne ka kawo askar.

Malam Abarci ya iso a guje, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. "Tana da rai? Ku faɗa min, tana da rai?"

Inna Uwale ta miƙe. Tsoron da ta ji ya riga ya juye ya zama faɗa.

"Tana da rai, Malam, ba don halinku ba! Ashe rami kuka haƙa kuka shimfiɗa mana tabarma a kai? Da ta mutu a hannuna fa? A ce na kashe ɗiyar mutane? Ciwon da ya ci uwa ya ci kaka, shi za ku kawo min cikin zuri'a a rufe?"

Malam Abarci ya jingina da bango, ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Macen da tsagar wanzami ta kayar, ina za ta iya naƙuda? Yaron nan, taso mu tahi. Gobe kawunanka za su zo karɓar kaya."

Ana haka ƙofa ta buɗe, Majo ya fito yana cire safar hannu.

"Jinin ya tsaya," ya ce wa Malam Abarci. "Za ta kwana biyu a nan muna duba ta. In jinin ya yi ƙasa sosai za mu nemi na ƙari, amma ina sa ran ba sai an kai ga haka ba."

Yazidu ya tare shi. "Majo, ina son magana da kai. Mu biyu."

Suka koma bayan ɗakin, inuwar tankin ruwa.

"Za ta iya haihuwa?"

"Za ta iya, in Allah ya so. Amma ba a ɗaki ba, ba a hannun ungozoma ba. Tun cikin yana ƙarami za a fara shiri, in ya tsufa a kai ta Maradi inda akwai jini a ajiye. Uwarta ba a san ciwon ba ne. Ita an sani."

"Ƴaƴan fa?"

"Wani zai iya gada, wani ba zai gada ba. Wanda ya gada za mu kula da shi kamar yadda muke kula da ita."

"Kamar yadda kuke kula da ita," Yazidu ya maimaita da ɗaci. "Wato har in mutu, akwai wani namiji a garin nan da ya fi ni sanin matata. Ya san ranar da wata ke zo mata. Ya san launin idonta na ciki. Ta haddace lambarshi kamar Fatiha."

"Ni na sa ta haddace. Saboda rana irin ta yau."

Yazidu ya matso har suna jin numfashin juna. "Tambaya ɗaya. Ka dubi Allah ka faɗa min. Kana son ta?"

Majo ya daɗe yana ninke safar hannun.

"Ban taɓa faɗa mata wata magana da ba ta magani ba. Kai ta zaɓa, na kuma girmama hakan. Amma na ji abin da Hajiya ta ce. To ka sani, ranar da kawunanka suka fito da kaya daga gidan Malam Abarci, kafin tabarmar ta huce nawa kawunan za su zauna a kanta."

Idon Yazidu ya kaɗa ya yi ja. Ya juya fuu, ya tura ƙofar ɗakin jinya.

"Kai, dillali, nan ba kara ba ce!" in ji Madam Zalika. Amma da ta ga fuskarsa sai ta matsa gefe.

Haula na kwance a gefe ɗaya, leɓunanta sun bushe. Ya durƙusa a bakin gadon.

"Ba inda za ni. Kin ji? Ba mai karɓar kaya. In ga wanda zai zauna a tabarmar!"

Ta dube shi, hawaye na gangarowa kan matashi. "Na ji ku ta taga. Don Majo za ka zauna."

"Don ke!"

"A'a. Jiya kishi ya sa ka raba ni da maganina, yau kishi ya sa ka ƙi tahiya. Gobe in ya huce fa? In ka gan ni kwance sati guda ban iya ko dama maka fura ba? In Inna ta ce ga ɗiyar wane lafiyayya? Yazidu, in tahiya za ka yi, tahi yanzu da nake kwance kusa da masu ɗaga ni. Kar ka bari sai na shiga ɗakinka."

"Mi ya sa ba ki faɗa min ba tun farko?"

"Wanda aka faɗa wa kafin kai, ko sallama bai yi ba."

"Ni ba shi ba ne!"

"To ji, don kar ka ce an sake ɓoye maka. Ciwon nan ba ya warkewa. Wanda ya aure ni, ya auri gidan likitan nan. Majo zai duba idona, Madam za ta duba jikina, duk wata, har tsufa. In an canza su, wasu za su zo, wataƙila wanda ya fi shi kyau. In ba za ka iya gani ka haɗiye ba, ka sake ni tun ba a ɗaura ba."

Yazidu ya kifa goshinsa a ƙarfen gadon. Dillalin da ke tsayawa gaban bijimi ba ya gezau, yau ga shi yana kuka kamar yaro.

"Da na ga jinin nan a tabarma," ya ce, "ban tuna da Majo ba, ban tuna da dariyar ƴan kara ba. Cewa na yi, in ta tahi, ni ma a haƙa biyu. Kishin ba zan ce miki zai fita ba, ƙarya ne, da shi aka haife ni. Amma zan haɗiye shi ko zai tsaga min wuya."

Daga bakin ƙofa muryar Inna Uwale ta shigo. "Yaron nan, magana nake yi. Za ka taso ko sai na maimaita?"

Ya ɗago, bai juya ba. Tun da aka haife shi bai taɓa musa mata ba.

"Inna, ki gafarce ni. Mu muka zubar da jinin nan. Ba zan tashi ba sai ya dawo. In ya dawo kuma, gidanmu za ta."

"Ba da bakina ba!"

"Zan zo in durƙusa har ki sa bakin."

Aka ji ƙarar takalminta tana nisa. Malam Abarci, da ya rarrafo har bakin ƙofa, ya ɗaga hannu sama, bakinsa na motsi ba sauti.

Yazidu ya share fuska da gefen rawani, ya dubi Majo da ya shigo duba seram.

"Ka koya min. Yadda ake dannewa, da ƙwayar da ake sha, da wadda ba a sha, da abin da kake nema a cikin idon. Duka."

"Zan koya maka."

"Kuma daga yau ni zan riƙa kiran ka. Ba ita ba."

"In kana Azagor wajen bisashe fa?" in ji Madam Zalika.

Yazidu ya dube ta. "To... ta kira ki ke."

Haula ta yi ƴar dariya, ta ce wayyo, bayanta.

Majo ya fita wajen famfo. Madam Zalika ta bi shi da tiren kayan aiki. Malam Abarci na zaune kusa, ba su lura da shi ba.

"Ni kam ka burge ni," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka san allurar da ta dace da kowane majinyaci. Wannan zancen kawunan naka, magani ka ba shi don ya zauna, ko?"

Majo ya tsura wa famfon ido.

"Amani? Da kai nake."

Ya buɗe famfo, ya ɗauki sabulu, ya shiga wanke hannun da ya riga ya wanke.

Malam Abarci ya dubi bayan mai farar rigar, ya dubi ƙofar ɗakin da ɗiyarsa ke kwance da angonta a durƙushe. Godiyar da ke bakinsa ta tsaya. Rayuwar Haula na hannun mazan nan biyu, kuma yanzu ya san duka biyun ita suke so.